Jinin Mahaƙa Kwal a Kwarin Iva

Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. Duk mai son sanin dalilin da ya sa ɗan sandan ƙasar nan ke saurin ɗaga bindiga a kan talaka, to, sai ya waiwayi tushen aikin. A 1863 ne Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa masu bindiga a Ikko. Hikimar Turawa ita ce su sa baƙo ya tsare ɗan gari, domin wanda bai san harshenka ba, da wuya kukanka ya shiga kunnensa.

Illar wannan tsari ta fito fili a Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Mahaƙa kwal na Kwarin Iva sun shiga yin aiki da tafiyar hawainiya, suna neman a biya su haƙƙinsu. Da hukuma ta kori wasunsu, sai suka zaune a bakin rami, suka ƙi fita. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyar fasa dutse ta faɗa hannun 'yan kishin ƙasa, sai ta tura 'yan sanda su kwashe ta, cikinsu har da waɗanda aka ɗebo daga Arewa. Ma'aikata suka taru suna waƙa suna rawa. Babban Sufuritanda F. S. Philip ya ɗauki wannan a matsayin shirin yaƙi, ya ba da umurnin a buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Kwamitin bincike na Fitzgerald ya ce Philip ya yi kuskure wajen yanke shawara, amma ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Nan take tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba.

Turawa sun tafi a 1960, amma sun bar halin a bariki. A watan Afrilu na 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, waɗanda ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Bindigar da ta kashe mahaƙin Inugu ita ce ta kashe manomin Sakkwato, kuma ba ta tambayi harshen kowa ba.

Saboda haka, mu da ke zaune nesa da gida, kada mu ɗauki Kwarin Iva a matsayin tarihin wasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.