Wa Ke Da Haƙƙin Mamaci? Fiƙihun Malikiyya da Kaburburan Shugabannin Jihadi

Idan ɗan kasuwar Jega ko mai fataucin albasa na Aliero ya rasu a Legas ko Ibadan, sau da yawa gardama kan tashi tsakanin 'ya'yansa da 'yan'uwansa: a rufe shi can, ko a kawo shi gida? Mas'alar tsohuwa ce, kuma malaman ƙasar Gwandu sun gaji hukuncinta daga Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ya rasu a Masar a ƙarni na 14.

A mazhabar Malik, miji da mata su ne mafi cancantar wanke juna, kamar yadda Asma'u 'yar Umaisu ta wanke mijinta Abubakar Siddiƙu, Allah ya yarda da su. A salla kuwa, wasiyyin da ake fatan albarkarsa shi ne gaba, sai sarkin Musulmi, sannan asaba bisa kusanci: ɗa, ɗan ɗa, uba, ɗan'uwa, ɗansa, kaka, baffa. Ke nan ɗa yana gaban ɗan'uwan mamaci ko da ɗan'uwan ya girme shi, abin da al'ada kan yi wa gardama.

Ɗaukar gawa zuwa wani gari halas ne idan akwai maslaha, kamar kusanta ta da dangi, muddin ba za ta lalace ko a keta alfarmarta ba. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu sun rasu a Aƙiƙ, aka kai su Madina. Amma gaggauta sutura shi ne sunna.

Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi gaggautawar. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka rufe shi nan Hubbare. Ƙanensa Abdullahi ya rasu a 1829, kabarinsa na Gwandu. Ɗansa Muhammadu Bello ya cika a 1837 a ribaɗinsa na Wurno, can kuma aka rufe shi. Zuriyarsu na da mulki da dawakai da jama'a, amma ba a tattara su wuri ɗaya ba.

Saboda haka, waliyyi riƙon amana yake yi wa mamaci. Idan tafiyar kwana da kwanaki a mota za ta sauya gawa, haƙƙin mamaci ya rinjayi son dangi, komai kusancinsu. Allah ne mafi sani.