Laburare a zamanin intanet: Yadda mai karatu ya zama abokin aiki

Tun asali, aikin laburare shi ne tara littattafai da adana su da miƙa su ga mai nema. Mai karatu kan shiga a natse, ya karanta, ya fita bai bar komai ba sai sa hannu a rajista. Intanet ta sauya wannan tsari, domin a yau laburare na buƙatar abin da ke hannun jama'a kamar yadda jama'a ke buƙatar abin da ke kantocinsa.

Mafarin sauyin

A wajajen 2004 shafukan da ke bai wa kowa damar yin rubutu da gyara da tsokaci suka fara yawaita. A 2005 wani ma'aikacin laburare a Amurka, Michael Casey, ya raɗa wa sabon salon suna "Laburare 2.0", wato laburaren da masu amfani da shi ke da hannu wajen tsara ayyukansa.

A watan Janairun 2008, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kimanin 3,000 a shafin Flickr, jama'a suka riƙa bayyana sunayen mutane da wuraren da ke cikinsu. A shekarar dai, Laburaren Ƙasa na Ostareliya ya bai wa masu karatu damar gyara kurakuran da kwamfuta ta yi wajen karanta tsofaffin jaridu.

A 2016 aka fara gangamin 1Lib1Ref, wanda ke kira ga kowane ma'aikacin laburare da ya ƙara madogara ɗaya a Wikipedia. Ƙungiyar laburarorin Afirka ta AfLIA, mai hedikwata a Accra, ta shigar da ma'aikatan nahiyar cikinsa a 2020. Wikipedia ta Hausa ma 'yan sa-kai ne ke rubuta ta, kuma ingancinta ya dogara ne ga madogaran da laburare ke iya samarwa.

Taskar da ke gidajen malamai

A Arewacin Najeriya, inda wannan salo ya fi muhimmanci shi ne fagen rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa na Kaduna sun tara da yawa. Shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya ɗauki hotunan wasu ya sa a intanet, haka ma Jami'ar Boston ta yi da rubutun Ajami na Hausa da Fulatanci.

Sai dai wani babban kaso na nan a gafakoki da akwatunan zuri'ar malamai, inda gara da danshi da gobara ke barazana gare shi. Ƙone dubban kundaye a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu a Janairun 2013, da mamayar da Boko Haram ta yi wa Mubi a Oktoban 2014, sun nuna cewa takardar da ba ta da kwafi na iya salwanta dare ɗaya.

A garuruwa irin su Belel da ke ƙaramar hukumar Maiha a Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, wayar hannu ta fi ginin laburare kusa da mutane. Da ita ɗalibi zai iya ɗaukar hoton kundin kakansa, ko ya naɗi tarihin garinsu daga bakin dattijo, ya aika wa laburaren Jami'ar Jihar Adamawa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duka a Mubi, idan an buɗe masa ƙofar hakan. Ba a nan aikin ya tsaya ba. Har yanzu kwamfuta na tuntuɓe wajen karanta Ajami na hannu, saboda haka sai malamin da ya tashi a tsangaya ne zai warware rubutun, ya faɗi marubucinsa da zamaninsa.

Ƙalubale

Ƙarancin wutar lantarki da tsadar data da raunin sabis a karkara su ne cikas na farko. Na biyu shi ne amana: iyali ba za su fito da gadonsu ba sai sun tabbata asalin takardar zai zauna a hannunsu, za a ambaci sunansu, kuma ba za a wallafa abin da ba su yarda ba. Na uku shi ne tantancewa, domin ƙofar da gaskiya ta shigo ta nan ƙarya ma ke bi.

Wannan ne ya sa fasahar ba ta rage darajar ma'aikacin laburare ba, sai ma ƙara masa nauyi da ta yi. Shi ne zai nemi izinin masu takarda, ya tace abin da aka aiko, ya tsara shi yadda mai bincike zai same shi, sannan ya mayar wa al'ummar kwafinta.