Igiyar Fremont: Wa Ke da Ikon Cewa a Tsaya?

Littattafan koyar da gudanarwa sukan raba fannin babi-babi: ga na zaburar da ma'aikata, ga na shugabanci, ga na aikin rukuni, ga na yanke shawara. Ɗalibi ya haddace Maslow wannan mako, ya haddace Herzberg mako mai zuwa, ya ci jarabawa, ya kama aiki, sannan ya tarar babu babi ɗaya da ke zaune shi kaɗai a ofis ko a masana'anta. Hujjar da nake son kafawa ita ce, tambaya guda ce ke kwance a ƙarƙashin duka huɗun: idan ƙaramin ma'aikaci ya hangi ɓarna, yana da ikon ya ce a tsaya? Kuma in ya faɗa, me zai same shi? Wurin da ya fi dacewa a gwada wannan magana shi ne wata masana'antar haɗa motoci da ke garin Fremont, a jihar Kalifoniya ta Amurka, domin abin da ya faru a can ya yi kama da gwajin da masana ke mafarkin samu: gini ɗaya, mutane kusan ɗaya, tsari biyu.

Kamfanin General Motors ya riƙe masana'antar kimanin shekara ashirin kafin ya rufe ta a 1982. Sunanta ya ɓaci tun kafin nan. A rana irin ta kullum kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikata ba sa zuwa, ranar Litinin da Juma'a kuwa abin ya fi haka muni. Ana shan giya a bakin aiki. Ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyar ƙwadago ta shigar sun taru dubbai ba a warware ba. Tsoffin ma'aikatan da kansu sun ba da labarin yadda wani kan jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, don ta riƙa ƙara ta dami wanda ya saya. Hukuncin da shugabannin kamfanin suka yanke mai sauƙi ne: mutanen banza ne, ba sa son aiki.

A 1984 aka sake buɗe wurin da sunan NUMMI, haɗin gwiwa tsakanin General Motors da Toyota, kuma Toyota ce ta karɓi ragamar gudanarwa. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka tsoffin ma'aikatan nan ne, har da jagororin ƙungiyar ƙwadagon da ake yi wa kallon tsagera. An tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan can. A watan Disamba na shekarar motar farko, ƙirar Chevrolet Nova, ta fito. Ba a jima ba ingancin motocin Fremont ya zarce na kowace masana'antar General Motors, ya kusanci na Takaoka, fashin aiki kuma ya faɗo ƙasa da kashi 5. Albashi bai yi wani tashin a-zo-a-gani ba, daidai yake da na sauran masana'antun motoci masu ƙungiya.

Douglas McGregor, a littafinsa na 1960, ya ce manajoji iri biyu ne ta fuskar zaton da suke yi wa mutum: masu ganin ma'aikaci malalaci ne sai da bulala, da masu ganin zai yi aiki da zuciya ɗaya in an ba shi dama. Ana yawan kawo Fremont a matsayin shaidar cewa ra'ayi na biyu ne gaskiya. A ganina wannan karatu ya yi gajarta. Kyakkyawan zato ba ya ɗaure noti. Abin da ya canja abu ne da ake iya taɓawa da hannu.

A saman kowane ma'aikaci, tsawon layin haɗa motoci, an rataye igiya. Mota na isowa gabansa yana da kimanin minti ɗaya ya yi nasa aikin. In noti ya ƙi ɗauruwa, ko ya ga wayar da na bayansa bai haɗa ba, ko kuma shi kansa ya makara, sai ya ja igiyar. Fitila ta kama a allo, wani ɗan kiɗa ya tashi, jagoran rukuninsa ya taho da sauri. In sun gyara kafin motar ta kai wata alama da aka shata a ƙasa, layi ya ci gaba da tafiya. In ba su gyara ba, layi ya tsaya cak, kowa ya jira. A zamanin General Motors kuwa dokar da kowa ya sani ita ce ba a tsayar da layi, ko me ya faru. Motar da aka haɗa ba daidai ba a bar ta ta wuce, a gyara a filin baya. Mutumin da ya shekara goma yana kallon aikinsa na fita a lalace, an kuma hana shi taɓa komai, an riga an gaya masa matsayinsa ba tare da an buɗe baki ba. Da ya daina damuwa, sai aka ce halinsa ne.

Tunanin igiyar ya girmi motocin Toyota. Sakichi Toyoda, wanda daga gidansa kamfanin Toyota ya fito, masaƙa ya ƙera, kuma injin saƙarsa na 1924 yakan tsaya da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya yi ta fitar da yadi mai aibi. Taiichi Ohno na Toyota da abokan aikinsa suka ɗauki wannan ƙa'ida daga inji suka miƙa wa mutum.

Yanzu a dubi yadda babukan nan huɗu suka haɗu a jikin igiya ɗaya. Ta fuskar zaburarwa, Frederick Herzberg da abokansa sun tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, suka wallafa sakamakon a 1959. Abin da suka gano shi ne albashi da yanayin wurin aiki da dokokin kamfani, in sun lalace suna sa mutum ya tsani aiki, amma gyaruwarsu kaɗai ba ta sa ya so shi. Abin da ke sa ƙaimi shi ne a ɗora masa nauyi, ya ga ya cim ma wani abu, a kuma san ya yi. An soki hanyar binciken, domin ɗan Adam yakan jingina nasara ga kansa ya jingina matsala ga wasu. Duk da haka mu a Nijeriya muna da dalilin sauraronsa. Hukumar da Janar Gowon ya kafa a 1972 ƙarƙashin Jerome Udoji don duba aikin gwamnati ta kawo rahoto a 1974 mai ɗauke da shawarar sabon salon gudanarwa, inda za a riƙa auna ma'aikaci da manufofin da ya cim ma, tare da sabon tsarin albashi. Ƙarin albashin aka rungume, aka biya har da ariyas, kasuwanni suka cika da masu sayen babur da rediyo, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 1975. Yau in ka ce "Udoji" ga dattijon da ya yi aikin gwamnati, kuɗin zai tuna. Ɓangaren gyaran aikin bai yi saiwa ba.

Ta fuskar shugabanci, igiyar ta juya aikin na sama. Jagoran rukuni ba mai tsaye da littafi yana neman mai laifi ba ne. Shi ne mai amsa kira, kuma dole ya iya aikin kowane ɗan rukuninsa don ya maye gurbin wanda bai zo ba. Rukunin ƙanana ne, mutum biyar ko shida, suna musayar wuraren aiki. Rabe-raben aiki sama da 80 da ake da su a da, inda mai ɗaure taya ba zai taɓa fitila ba, an narkar da su zuwa 'yan kaɗan. A rukuni irin wannan, in ka yi fashi ka san wanda zai ɗauki kayanka, kuma gobe za ku haɗa ido.

Sai yanke shawara, wanda a nan ne nake ganin maganar ta fi nauyi. Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya nuna cewa babu shugaban da ke da cikakken sani ko isasshen lokacin auna kowace hanya. Yakan tsaya ne a kan wadda ta fara gamsar da shi. In haka ne, ingancin shawararsa ya rataya a kan irin labarin da ke iso masa, kuma labari mara daɗi shi ya fi wahalar hawa bene. Daren 27 ga Janairun 1986 injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa robar da ke toshe mahaɗar rokokin kumbon Challenger ba za ta yi aiki yadda ya kamata ba a cikin sanyin da ake hasashe. Manajojinsu suka keɓe, suka soke gargaɗin. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu, kuma kwamitin bincike ya tabbatar da cewa damuwar injiniyoyin ba ta kai ga manyan masu yanke hukunci ba. Sanin yana nan, bakin faɗa ma yana nan, hanyar da maganar za ta tsayar da aiki ce babu.

Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan. Malaman sira sun kawo cewa a Badar, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko masaukin da aka zaɓa wahayi ne ko dabarar yaƙi, da ya ji dabara ce sai ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuma bi. Muna karanta wannan a makaranta, amma a yawancin ofisoshinmu taro kan ƙare da "yadda ka ce, ranka ya daɗe," sai an fito baranda sannan kowa ya faɗi abin da ya sani. Kunya da girmama na gaba kyawawan halaye ne, ban ga laifinsu ba. Laifin na tsarin da ya bar wa ƙarami zaɓi biyu kawai ne, ko ya yi shiru ko a kira shi mara kunya. Hikimar igiya ita ce ta mayar da faɗar matsala wani sashe na aiki, kamar ɗaure noti, ba sai mutum ya tara jarunta ba.

Akwai suka, kuma ba ta banza ba ce. Ta farko: mutanen nan sun yi shekara biyu ba aiki, wasu sun rasa gidaje, don haka wataƙila tsoro ne ya gyara su. Tsoron ya taimaka, babu musu. Sai dai tsoro yana iya kawo mutum bakin aiki da ƙarfe shida, ba ya sa ya tona kuskuren kansa. Akasin haka ma yake sawa. Abin da ya ba su ƙarfin zuciyar jan igiya shi ne alkawarin da aka rubuta a yarjejeniya, cewa kafin a sallami ma'aikaci sai an fara rage albashin manyan jami'ai, an kuma dawo da ayyukan da aka ba 'yan kwangila. A 1988 ciniki ya faɗi, masana'antar na aiki da kusan kashi 60 na ƙarfinta, ba a kori kowa ba, aka tura rarar mutane horo. Daga nan ma'aikata suka san maganar ba ta fatar baki ba ce.

Suka ta biyu ta fi kaifi. Mike Parker da Jane Slaughter, masu rubutu daga ɓangaren 'yan ƙwadago, sun kira tsarin gudanarwa ta hanyar matsi. A cewarsu, allon fitilun nan yana nuna wa manaja inda ake shan wahala, yana kuma nuna masa inda ba a taɓa jan igiya, wato inda akwai sauran sarari, sai a rage mutum a can. Ma'aikacin NUMMI ya fi na da yin aiki a cikin kowane minti, wannan gaskiya ne, kuma a 1993 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Kalifoniya ta tuhumi kamfanin kan raunukan da maimaita motsi ke jawowa bayan an canja ƙirar mota. Paul Adler, wanda ya yi dogon bincike a wurin, ya nuna cewa tsarin bai rabu da Frederick Taylor ba, mutumin da tun 1911 ya koyar da auna kowane motsi da agogo. Har yanzu ana aunawa. Bambancin shi ne agogon ya bar hannun injiniyan da ke ofis ya koma hannun 'yan rukuni, su ke tsara matakan aikinsu su kuma gyara. Wanda ke neman aljannar ma'aikata ba zai same ta a Fremont ba. Abin da na ɗauka daga sukar shi ne ikon cewa a tsaya yana buƙatar mai tsaronsa, kuma a can ƙungiyar ƙwadago ce ta yi wannan aiki.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda General Motors ya kasa kwashe darasin da ya shiga haɗin gwiwar dominsa. Manajoji 16 da ya fara turawa sun koyi tsarin, aka warwatsa su cikin kamfani mai ɗaruruwan dubban ma'aikata, muryarsu ta ɓace. A daidai lokacin shugaban kamfanin, Roger Smith, yana zuba biliyoyin daloli a kan mutum-mutumin inji, da fatan ya rage dogaro da mutane gaba ɗaya. An gwada kwaikwayon NUMMI a masana'antar Van Nuys, ita ma a Kalifoniya. Aka kafa rukunoni, aka ba da damar tsayar da layi. Amma ma'aikatan ba su amince da manajoji ba, kayan haɗin da ke zuwa daga waje ba su da inganci kuma babu mai ikon sa a canja su, sannan su manajojin ana auna su, ana ba su lada, da yawan motocin da suka fita daga layi, masu kyau ko marasa kyau. Duk sanda ƙaramin ma'aikaci ya tsayar da aiki, aljihun mai gidansa ya taɓa, kuma dukansu biyu sun san haka. An rufe Van Nuys a 1992. NUMMI ta ci gaba da aiki har General Motors ya durƙushe a 2009 ya janye hannunsa, Toyota ta rufe ta a Afrilun 2010, kamfanin Tesla ya sayi ginin a kan dala miliyan 42.