Dubiyar Mazan Jiya

Sau da yawa idan ana ba da tarihin yaƙi, sunayen manyan hafsoshi da na garuruwan da aka ci kaɗai ake ji. Wanda aka ɗauko daga fagen fama ba ƙafa kuwa, ba mai tuna shi. A kansa nake so in ɗan yi tsokaci.

Tun zamanin Turawa ƙasar Hausa ta san irin waɗannan mutane. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samarinmu zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Jafanawa. Da aka gama yaƙi a 1945, Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko ma, asalinsa sansanin jinyar sojojin wannan yaƙi ne.

Bayan shekara 22 sai ga yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. A nan tarihi ya shigo gidanmu na Sabon Garin Wudil, gama kakana yana cikin samarin da suka shiga soja, ya kuma komo da sanda. Harsashi ya farfasa masa gwiwa, ya yi watanni kwance a wani asibiti nesa da gida.

Ran nan na tambaye shi abin da ya fi tunawa. Na zaci zai ce ƙarar igwa. Sai ya ce, "Yaro, ciwo ana mantawa da shi. Abin da ban manta ba, wata tsohuwa ce da ke zuwa ɗakinmu duk Juma'a da goro a bakin zane. Ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin yarenta. Sai ta tsaya a gaban kowane gado ta yi sannu, har da gadon wani yaro na ɓangaren Biyafara da aka kamo da rauni."

Janar Yakubu Gowon ya ce a yaƙin ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci. To, wannan tsohuwa ta riga shi faɗa, da ƙwarya guda ta goro.

Ya 'yan'uwa ɗalibai, wannan ba labarin da ba ne kawai. Tun 2009 rikicin Boko Haram yake jikkata sojoji, da yawansu kuwa sa'o'inmu ne, wasu suna jinya a Asibitin Soja na 44 a Kaduna. Kowace shekara ran 15 ga Janairu akan ajiye furanni don matattu. Madalla. Amma mai rai da ke kwance, sannu yake bukata. Zumunta a ƙafa take, dubiya kuwa hakki ce a addini da al'ada. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.