Caveat Emptor: Mai Saye Ya Buɗe Ido

Jimlar ta Latin ce, harshen Rumawan da. Caveat na nufin "ya yi hattara", emptor kuwa "mai saye". Wato alhakin duba kaya yana wuyan mai biyan kuɗi.

A kotunan Ingila ƙa'idar ta yi ƙarfi. A shari'ar Chandelor da Lopus ta 1603, wani maƙerin zinariya ya sayar da dutse a kan fam 100, ya ce irin wanda ake samu a cikin dabba ne, mai karya dafi. Dutsen ya fito na banza, amma kotu ta ce mai saye ba shi da hakki, tunda faɗa kawai aka yi masa, ba a ba shi lamuni ba.

Manomin Kafur bai san Latin ba, amma a kasuwar Malumfashi ko Funtuwa sai ya caka buhun masara ya ga na ƙasa, ya murza taki a tafin hannu don gudun yashi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai dai rariya ramukanta a fili suke. Algus daban ne. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ɓoyayyen aibi ya bayyana, kuma a ganina wannan ya fi adalci, musamman a kan irin shuka da maganin feshi, waɗanda sai damina ta yi nisa ake gane na jabu. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ɗora wa mai sayarwa nauyin ingancin kayansa.