Daga Dandamali Zuwa Silima: Gurbin Talabijin a Tarihin Aikin Judi Dench

An haifi Judi Dench ranar 9 ga Disamba, 1934, a birnin York da ke arewacin Ingila. Ta yi karatu a Mount School, makarantar 'yan mata ta mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker, sannan ta koyi wasan kwaikwayo a Central School of Speech and Drama a Landan. Yawancin masu kallo a wajen Birtaniya ba su san ta ba sai bayan ta cika shekara 60, shi ya sa ake yawan kasa aikinta gida biyu: zamanin dandamali da zamanin silima. Wannan rabon yana mantawa da talabijin, alhali ita ce ta riƙe sunan jarumar a gidajen Turawan Ingila shekaru masu yawa, kuma ta hanyarta aka shirya fim ɗin da ya buɗe mata ƙofar Hollywood.

Ta fara sana'a a 1957 tare da ƙungiyar Old Vic, inda ta fito a matsayin Ophelia a wasan Hamlet na Shakespeare. A 1961 ta koma Royal Shakespeare Company. A 1963 kuma ta bi ƙungiyar Nottingham Playhouse zuwa rangadin Afirka ta Yamma, har da Najeriya, ƙarƙashin British Council, ta taka rawar matar Macbeth. Irin wannan horo, inda ɗan wasa ke fitowa sarki yau gobe ya fito bara, shi ya gina mata abu biyu da ta dogara da su har tsufa: murya mai ɗan kaushi wadda ke kaiwa ƙarshen zaure ba tare da ihu ba, da iya sauraron abokin wasa.

Silima ba ta karɓe ta da wuri ba. Ita da kanta ta sha ba da labarin wani mai shirya fim da ya gaya mata tun tana matashiya cewa fuskarta ba ta dace da kyamara ba. Ko da yake fim ɗin Four in the Morning na 1965 ya ba ta lambar BAFTA ta sabuwar jarumar da ake sa wa rai, manyan rawa ba su biyo baya ba. Talabijin ce ta gane darajarta. A 1966 BBC ta nuna Talking to a Stranger, wasa mai kashi 4 da John Hopkins ya rubuta, inda ake maimaita labarin rushewar iyali guda ta idon kowane ɗan gidan. Dench ta fito a matsayin ɗiyar gidan, ta kuma ci lambar BAFTA. Kyamarar talabijin ta wancan zamani tana matsowa kusa da fuska, tana daɗewa a kai, saboda haka wasan ya nuna cewa abin da aka ce fuskarta ta rasa, shi ne ma ƙarfinta. Haka nan Macbeth da Trevor Nunn ya shirya a 1976 da ita da Ian McKellen, a wani ƙaramin zaure a Stratford, da ya tsaya ga 'yan ƙalilan da suka samu tikiti ba don an ɗauke shi an nuna a talabijin a 1979 ba.

Masu sharhi kan raina wasannin barkwancinta, kuma a nan akwai rashin adalci. A Fine Romance, daga 1981 zuwa 1984, ta yi shi da mijinta Michael Williams. As Time Goes By kuwa, da Geoffrey Palmer, ya fara a BBC a 1992 bai ƙare ba sai 2005. Labarin wasu masoya ne da wasiƙar da ta ɓata ta raba su lokacin yaƙin Koriya, suka sake haɗuwa bayan shekara 38. Ana ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye a gaban 'yan kallo, don haka dole ɗan wasa ya san lokacin da zai yi shiru ya bar dariya ta lafa. Wannan ƙwarewar dandamali ce aka kai ta falon mutane.

A 1995 aka ba ta rawar M, shugabar hukumar leƙen asiri, a GoldenEye na jerin James Bond. Ita ce mace ta farko a wannan gurbi, shekara 3 bayan an naɗa wata mace, Stella Rimington, shugabar hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI5. Ta riƙe rawar a fina-finai 7, har zuwa Skyfall na 2012. Amma abin da ya sauya matsayinta shi ne Mrs Brown na 1997, kan Sarauniya Victoria da hadiminta John Brown. Don talabijin aka shirya shi da kuɗin BBC da abokan hulɗarta, sai kamfanin Miramax ya saye shi ya kai gidajen silima, daga nan aka sa sunanta cikin 'yan takarar Oscar karo na farko. Shekara ta gaba ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a Shakespeare in Love, ta ci Oscar da fitowar da ba ta wuce kimanin minti 8 ba.

Daga nan fina-finai suka yi ta zuwa: Iris a 2001, Notes on a Scandal a 2006, Philomena a 2013, da Victoria and Abdul a 2017, inda ta koma rawar Victoria, wannan karon tare da Abdul Karim, Musulmi ɗan Indiya da ya zama malamin sarauniyar. Duk da haka ba ta bar talabijin ba, domin a 2007 ta jagoranci Cranford na BBC. A 2012 ta bayyana cewa tana fama da ciwon ido da ke rage mata gani, har sai an karanta mata rubutun wasa ta haddace da kunne. Da wannan hanyar ta ci gaba da aiki, kuma Belfast na Kenneth Branagh, wanda ya fito a 2021, ya kawo mata takarar Oscar karo na 8 tana da shekara 87.