Yadda madanni ya ɓace daga fuskar wayoyinmu

1/ Hutun da ya wuce Umma ta miƙo min wayarta, wai manhajar bankinta ta sabunta kanta cikin dare, ta rasa inda ake tura kuɗi. Ta ce, "Ni dai kaina ne ba ya ɗaukar abin nan, duba min." Na karɓa da taƙamata ta ɗan aji uku a karatun kwamfuta. Wallahi sai da na yi kusan minti ɗaya ina lalube. Ashe wani siririn rubutu ne ruwan toka, ba akwati ba inuwa, shi ne wurin dannawar.

2/ Maganarta ta tsaya min a rai, don laifin ba na kanta ba ne. Akwai lokacin da duk abin da ake dannawa a waya yake kama da abin dannawa. Wasu mutane ne suka zauna suka yanke shawarar cire shi, kuma an san shekarar. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

3/ Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna wa duniya iPhone ta farko a San Francisco. Ku tuna wayoyin lokacin: Nokia, BlackBerry, duk madannai ne na gaske. Kana iya rubuta saƙo hannunka na cikin aljihu, don yatsa yana jin inda yake. Sai ga waya da fuskarta gilashi ne sumul, inci 3.5, madanni ɗaya tak a ƙasa. Yatsa ba ya jin komai a kan gilashi. To ta yaya mutum zai san inda zai taɓa?

4/ Dabarar da suka yi ita ce su yaudari ido. Kowane madanni aka zana shi da ƙyalli a sama da inuwa a ƙasa, kamar ya kumburo daga gilashin. Wurin buɗe wayar kuwa wani dogon rami ne da kibiya a ciki, haske yana bin rubutun daga hagu zuwa dama. Ba sai an koya maka ba. Yaron da bai fara makaranta ba ma zai ja kibiyar nan.

5/ Har girma suka auna. Ƙa'idar da Apple ta ba masu yin manhaja ita ce kada wurin taɓawa ya gaza 44 tsawo da 44 faɗi a ma'aunin fuskar waya, don daidai kan ɗan yatsa ke nan. Google daga baya ta sa nata 48. Duk sanda ka danna "soke" alhali "tura" ka nufa, mai yiwuwa wani ne ya karya wannan ƙa'idar.

6/ Wannan salo na kwaikwayon abin zahiri, masu zane suna ce masa sikiyomofizim. Da farko aiki yake yi. Daga baya ya zama ado. Manhajar Notes takarda ce rawaya mai layi-layi. iBooks kantar katako. Game Center koren ƙyallen teburin caca. Find My Friends kuwa fata ce har da ɗinkin zare a gefe, kamar kujerar mota.

7/ Wanda ya fi ba ni dariya shi ne manhajar Podcasts ta 2012. Sun zana tsohuwar na'urar ɗaukar murya mai faifai biyu, zaren kaset yana juyawa daga wannan zuwa wancan. Yawancin masu wayar ba su taɓa ganin irin na'urar da idonsu ba. Wato ana kwatanta maka sabon abu da tsohon abin da ba ka sani ba. A nan kwaikwayon ya daina taimako.

8/ Su kuwa Microsoft wata hanya suka bi. A ƙarshen 2010 suka fito da Windows Phone 7 da salon da suka kira Metro, wanda suka ɗauko daga allunan nuna hanya na tashoshin jirgi: manyan haruffa, launi ɗaya shar, akwatuna masu kusurwa huɗu, ba inuwa ba ƙyalli. Wanda ya riƙe Nokia Lumia ya gane abin da nake nufi. Wayar ba ta yi kasuwa ba, amma a wajen masu zane ta sa iPhone ta fara kama da falon tsohon attajiri.

9/ Sai siyasar cikin gida ta shigo. Jobs ya rasu a Oktoban 2011. Wanda yake riƙe da iOS, Scott Forstall, shi ake dangantawa da salon fata da katako. A Satumban 2012 sabuwar taswirar Apple ta fito da kurakurai masu ban kunya, har shugaban kamfanin Tim Cook ya ba da haƙuri a rubuce. Kafin ƙarshen Oktoba aka sanar Forstall zai tafi, aka miƙa fasalin manhajojin ga Jony Ive, mutumin da yake zana jikin wayar, wanda kowa ya san ba ya son tarkace.

10/ Cikin wata takwas suka rushe komai suka sake gini. Ranar 10 ga Yunin 2013 aka nuna iOS 7. A kan dandamali Craig Federighi har zolaya ya yi cewa koren ƙyalle da katako sun ƙare musu. Aka yi ta tafi. Gaskiya ya yi kyau, kar a ce na hana shi haƙƙinsa. Fari tas, launuka masu haske, sarari ko'ina. Duk wayar da kake riƙe da ita yau, ko ta wane kamfani ce, akwai jinin wannan ranar a jikinta.

11/ Amma da suka zo share fata da katako, sai suka haɗa da akwatin madanni suka share. "Koma baya", "gama", "gyara", duk suka zama rubutu zalla, launinsu kawai ya bambanta da sauran rubutu. Hujjarsu ita ce ai mutane sun saba da taɓa gilashi yanzu, ba sa buƙatar a riƙe musu hannu. Waɗanne mutanen? Mai shekara shida yana riƙe da iPhone, ko wanda yau ya fara?

12/ Nan ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin, don gyaran a hankali aka riƙa yinsa, ba tafi ba ganga. Tun a sigar gwaji ta uku, kafin wayar ta kai hannun jama'a, suka ƙara wa rubutun kauri, don siririn Helvetica Neue da suka fara da shi ba ya karantuwa. Aka saki iOS 7 ranar 18 ga Satumba. Nan da nan wasu suka fara ƙorafin jiri da tashin zuciya saboda yadda manhaja take zuƙowa da komawa in an buɗe ta. A Oktoba aka faɗaɗa zaɓin Reduce Motion don ya kashe wannan motsin.

13/ A Maris 2014, iOS 7.1 ta zo da wani zaɓi mai suna Button Shapes. Aikinsa? Ya mayar wa madanni alamar da za ka gane madanni ne. Ku dai duba. Abin da aka cire ana alfahari, an dawo da shi, amma an cusa shi can cikin saitin masu buƙata ta musamman, kuma a kashe yake zuwa. Wanda ya kasa ganin madanni, shi ake so ya nemo madannin da zai kunna madanni.

14/ Ga kuma rigimar madannin manyan baƙi a allon rubutu. Haruffan allon kullum manya ne, launin kibiyar kawai yake canzawa, ba ka sanin a kunne take ko a kashe sai ka rubuta ka gani. Sai a iOS 9, a 2015, haruffan suka fara komawa ƙanana in ba a kunna ba. Masu Android sun daɗe da wannan, ku yi dariyarku, na yarda.

15/ Google ta tsaya a tsakiya. A Yunin 2014 Matías Duarte ya gabatar da Material Design. Shimfiɗaɗɗen zane ne shi ma, amma sun ɗauki fuskar waya kamar takardu ne a jere wata bisa wata, kowacce da inuwarta. Har takarda suka yanka ta gaske suna haska mata fitila don su ga yadda inuwa take faɗuwa. Inuwar ba ado ba ce, ita take gaya maka wane abu ne a sama, wane ne za ka iya taɓawa. Zagayayyen madannin nan da yake shawagi a kusurwar ƙasa ta dama a manhajoji da yawa, daga nan ya yaɗu.

16/ Ba 'yan gari kaɗai suka yi ƙorafi ba. A 2015 Don Norman da Bruce Tognazzini, dukkansu tsofaffin ma'aikatan Apple kuma manya a fannin, suka rubuta doguwar maƙala suna zargin kamfanin da fifita kyau a kan sauƙin amfani. Norman shi ne mai misalin ƙofar nan da kake turawa alhali ja ake yi. Matsayinsa tun 1988 shi ne in mutane da yawa suna kuskure a ƙofa ɗaya, a tuhumi wanda ya ƙera ƙofar.

17/ Sai lissafi ya zo. A 2017 Nielsen Norman Group suka gwada mutum 71 da na'urar bin motsin ido. Shafi iri ɗaya, siga biyu: ɗaya madannansa a fili, ɗaya an shafe alamun. A shafaffen, mutane sun ɗauki ƙarin lokaci kashi 22 cikin 100 kafin su sami abin da suke nema, idonsu kuma ya tsaya a wurare fiye da na ɗayan da kashi 25. A shafukan intanet aka yi gwajin, ba a manhajar waya ba, amma ido ɗaya ne. Minti ɗayan da na ɓata a wayar Umma ke nan a rubuce.

18/ Ɗan ratse: layuka ukun nan da ake ɓoye jerin zaɓi a bayansu, waɗanda ake wa laƙabi da hambaga, sun girmi yawancinmu. Norm Cox ne ya zana su don kwamfutar Xerox Star ta 1981. Manhajojin waya suka farfaɗo da su don fuska ta yi fes. Matsalar, abin da ido bai gani ba hannu ba ya nema. Facebook ta cire su daga matsayin babbar hanyar yawo a manhajarta ta iPhone a 2013, Spotify ta bi a 2016, duk suka koma jera alamomi a ƙasa.

19/ Me ya sa ƙasa? Babban yatsa. A 2013 wani mai bincike, Steven Hoober, ya lura da mutane sau 1,333 suna amfani da waya a titi da tashoshi da wuraren shan shayi. Cikin masu taɓa fuskar wayar, kashi 49 da hannu ɗaya suke riƙe da ita. Wayoyi suna ta ƙara tsawo, yatsa yana nan yadda Allah ya yi shi. Shi ya sa a 2024 WhatsApp na Android ya sauko da shafukansa daga sama zuwa ƙasa. Na tuna yadda aka yi ta mita a nan, bayan sati biyu kowa ya manta.

20/ Kuma wannan yana da muhimmanci, kar a ce duk mita gaskiya ce. Akwai mitar rashin sabo, wadda take wucewa da kanta. Akwai kuma wadda ba ta wucewa, don ido ba ya sabawa da rubutun da ba ya gani. Ta farko haƙuri take so. Ta biyu gyara take so.

21/ Kuna zaton an koyi darasi? A Yunin 2025 Apple ta fito da Liquid Glass a iOS 26: madannai da sanarwa sun zama kamar gilashi, ana hango abin da yake bayansu. Rubutu a kan hoto a kan rubutu. Aka sake ƙorafin ba ya karantuwa, aka yi ta rage shi ana ƙarawa a sigogin gwaji, sannan a iOS 26.1 aka sa zaɓin da zai dusashe gilashin. Shekara 12 tsakani, kamfani ɗaya, rami ɗaya.

22/ Abin da yake ba ni haushi, mu a nan mun fi kowa biyan kuɗin wannan adon. Mai zane yana zaune a ofis mai sanyi, da babbar waya mai haske, idonsa lafiya lau. Siririn ruwan toka a kan fari yana yi masa kyau. Kawo shi bakin kasuwa da ƙarfe ɗaya na rana, a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, an rage haske don caji ya kai dare, mai wayar ta bar tabaranta a gida, ga layi a bayanta. Rubutun nan babu shi.

23/ Kuma akwai ma'auni fa, ba ra'ayi ba ne. Ƙa'idar WCAG ta 2008 ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 a kan 1. Akwai shafukan da za ka zuba launuka biyu su ba ka amsa kyauta cikin daƙiƙa. Na zuba launukan manhajar da nake ginawa don aikin aji, na faɗi warwas. Ni ma ruwan tokan na sa, don na ga haka manya suke yi.

24/ 'Yan uwana masu koyon zanen manhaja, na ga ayyukanku a nan, masha Allah suna da kyau a hoto. Amma kafin ka ɗora, fita da wayar rana. Miƙa wa wani babba a gidanku, ka ce ya yi abu ɗaya, ka rufe bakinka ka zuba ido. Kar ka nuna masa. Inda yatsansa ya tsaya yana shawagi a sama, nan aikinka yake.

25/ Umma kuwa, na shiga saitin Accessibility na ƙara mata girman rubutu da kaurinsa. Siririn rubutun ya ɗan fito, amma har yanzu ba shi da akwati, wannan ba a hannuna yake ba. Na ce, "Umma, nan za ki danna." Ta kalla, ta kalle ni, ta ce, "Wannan ai rubutu ne." Ta tura kuɗin da kanta. Sannan ta sa na kashe mata sabuntawar nan ta cikin dare, na ce akwai haɗari a bar manhajar banki ba sabuntawa, muka yi yarjejeniya sai na dawo hutu mu riƙa yi tare.